Tambaya da Amsa: Har Ina Za a Dogara da Ajiyar Fayiloli a Intanet?

Wasiƙun da suka shigo wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ga batu guda, wato ajiye kwafin fayilolin kwamfuta a rumbunan kamfanoni ta hanyar intanet. Mun zaɓi biyar daga ciki, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata kwaleji a Zariya, kuma duk abin da na tara a aikina yana cikin kwamfutata ta tafi-da-gidanka: kundin digirina na biyu, darussan da nake koyarwa, sakamakon jarrabawar ɗalibai da hotunan iyalina. Kwanan baya an sace kwamfutar wani abokin aikina a cikin mota, ya rasa komai, sai aka ba ni shawara in kwashe nawa in zuba a Google Drive ko OneDrive in huta. Abin da ke damuna shi ne, su waɗannan kamfanoni ba sa rasa kayan mutane? Idan na ba su, zan iya kwanciya in yi barci?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya mayar wa abokin aikinka da mafificin alheri. Shawarar da aka ba ka tana da kyau, kuma ina so ka bi ta tun yau, amma a batun hutawa akwai sauran rina a kaba.

Bari mu fara da ɓangaren da ya kamata hankalinka ya kwanta a kansa. Manyan kamfanonin nan ba sa ajiye fayil ɗinka a faifai guda kamar yadda yake a kwamfutarka. Suna yin kwafinsa, ko su yanka shi gunduwa-gunduwa tare da ƙarin bayanan da za a iya sake haɗa shi da su, sannan su watsa a faya-fayai masu yawa, sau da dama ma a gine-gine daban-daban. Mutuwar faifan ajiya a wurinsu abu ne na kullum, domin suna da su dubbai bisa dubbai. Kamfanin Backblaze na Amurka, wanda ajiyar kayan mutane ce sana'arsa, yana wallafa alƙaluman faya-fayansa tun 2013, kuma a shekarun baya-bayan nan waɗanda ke mutuwa a shekara ba su cika wuce ɗaya zuwa biyu cikin ɗari ba. Idan ɗaya ya mutu, na'ura ce ke sake gina abin da ke cikinsa daga sauran, ma'aikaci ya zo ya zare shi ya sa sabo, mai kaya kuwa ba zai taɓa sanin an yi ba. Amazon ma yana cewa ya tsara rumbunsa mai suna S3 ta yadda wanda ya ajiye fayil miliyan 10 zai yi tsammanin rasa guda ɗaya ne tak a cikin shekara 10,000. Wannan lissafin injiniyoyi ne a kan takarda, amma ko an rage masa gishiri, fayil ɗinka ya fi samun aminci daga lalacewar ƙarfe a can fiye da a kwamfutar da ke shan ƙurar hunturu da zafin bazara da wutar lantarkin da ke zuwa da ƙarfi ta ɗauke ba sallama.

Sai dai wannan lissafi na lalacewar faifai ne kawai, kuma ba ta wannan ƙofa yawancin mutane suke rasa ajiyarsu ba.

Kamfani yakan rufe, ko a rufe shi, ko ya canza shawara. A watan Janairun 2012 hukumomin Amurka suka rufe Megaupload, wani shafin ajiye fayiloli da raba su, bisa zargin satar fasaha, kuma a rana guda mutanen da suka ajiye aikinsu na halal a wurin suka rasa hanyar isa gare shi tare da masu laifin. A shekarar da ta biyo baya wani kamfanin ƙasar Holan da ke riƙe da wasu daga cikin kwamfutocin Megaupload ɗin ya goge abin da ke cikinsu. CrashPlan, wanda ya yi suna wajen yi wa masu kwamfutar gida ajiya, ya sanar a Agustan 2017 cewa ya bar wannan harkar, ya ba mutane zuwa Oktoban 2018 su kwashe kayansu. Amazon, duk da girmansa, ya rufe Amazon Drive a ƙarshen 2023. Google Photos da ya shafe shekaru yana karɓar hotuna kyauta ba iyaka ya daina daga 1 ga Yunin 2021. Waɗanda suka rufe cikin tsari sun ba da wa'adi, amma ta imel suka aika sanarwar, kuma mu duka mun san mutum nawa ne a cikinmu ke buɗe imel ɗinsa idan ba wata takarda yake jira ba.

Gini kuma yakan ƙone. A daren 10 ga Maris 2021 gobara ta tashi a cibiyar ajiyar bayanai ta kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, ta cinye gini guda ƙurmus ta kuma taɓa na kusa da shi. Abin da ya fi ciwo shi ne, wasu abokan cinikin da suke biyan kuɗi a yi musu kwafin ajiya sun gano cewa kwafin yana nan a harabar da ta ƙone, tamkar manomin da ya raba hatsinsa a rumbu biyu amma ya gina su manne da juna. A Satumban 2025 irin haka ta faru a wata cibiyar gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon, inda rumbun da ma'aikatan gwamnati ke ajiye fayilolinsu, mai ɗauke da terabait 858 (terabait ɗaya gigabait dubu ne), ya ƙone ba tare da kwafi a wani wuri ba.

Ɗan Adam ma yakan yi kuskure, kuma kuskuren ma'aikacin babban kamfani babba ne. A 2019 shafin sada zumunta na MySpace ya amsa cewa ya rasa waƙoƙin da mutane suka ɗora tsakanin 2003 da 2015, kimanin miliyan 50, a lokacin da yake sauya kwamfutocinsa. A Mayun 2024 wani kuskuren saiti a Google Cloud ya goge ajiyar UniSuper, wani asusun fansho na ƙasar Ostareliya, mambobinsa suka shafe kwanaki fiye da goma ba sa iya shiga, kuma daga cikin abin da ya cece su akwai kwafin da suke da shi a wurin wani kamfani daban.

Duk waɗannan na lissafa su ne domin ka san suna faruwa, amma ba su ne suka fi ba ni tsoro a kanka ba. Abin da ya fi raba mutanenmu da ajiyarsu shi ne asusun kansa: fayilolin suna nan lafiya lau a rumbun kamfani, mai su ne ya kasa shiga. Mutum ya buɗe asusu shekara da shekaru da suka wuce, wayarsa ta riƙe masa kalmar sirri har ya manta da ita, ranar da aka sace wayar sai ya tarar lambar da za a turo masa saƙon tabbatarwa ta tsohon layinsa ce, wanda aka toshe lokacin haɗa layuka da lambar NIN, ko kuma ya daɗe ba ya amfani da shi har kamfanin sadarwa ya sayar wa wani. A irin wannan hali babu ofishin da za ka je da katin shaida a buɗe maka, fom ne za ka cike a intanet, na'ura ta yanke hukunci. Ga kuma ƙa'idar da Google ya fara aiki da ita a Disambar 2023, cewa asusun da ya yi shekara biyu ba a shiga ba ana iya goge shi da duk abin da ke ciki. Sannan ga batun biya. A 2022 bankunan Najeriya da dama sun rage abin da za a iya kashewa da katin naira a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya wasu suka dakatar da shi ɗungurungum, sai a 2025 aka fara sassautawa. Wanda kuɗinsa ya kasa fita, sai a mayar da shi kan ma'aunin kyauta, wato ɗan wurin da ake ba kowa ba tare da biya ba. A Google, idan kayanka sun haura ma'auni, har saƙon Gmail yakan daina shigowa, idan kuma ka daɗe a haka suna da ikon sharewa.

Kamfanonin da kansu ba su ce a dogara da su kaɗai ba. Yarjejeniyar da mai amfani da OneDrive yake amincewa da ita, wadda kusan babu mai karantawa, tana ɗauke da shawarar Microsoft cewa mutum ya riƙa yin kwafin kayansa a kai a kai. Idan kaya suka salwanta, diyyar da irin waɗannan yarjejeniyoyi ke tanada ba ta taka kara ta karya ba.

Abin da nake ba ka shawara shi ne tsarin da wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa, wanda ake kira 3-2-1: kwafi uku na duk abin da ba ka so ka rasa, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a nesa da gidanka. A wurinka wannan na nufin kwamfutar kanta, da faifan ajiya na waje da za ka saya ka riƙa jonawa duk mako, da rumbun intanet. Faifan kada ya kwana a jakar kwamfuta, domin ɓarawon da ya ɗauki jaka ya ɗauki duka biyun. Kwafin intanet kuwa amfaninsa yana bayyana ne a ranar da gida gaba ɗaya ya shiga matsala, kamar ambaliyar da ta mamaye Maiduguri a Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar ruwan Alau, ranar da faifan da ke cikin durowa da kwamfutar da ke kan tebur suke shan ruwa tare. Kafin ka ɗora komai, ka shiga saitin asusunka ka tabbatar lambar wayar da ke ciki ita ce a hannunka, ka ƙara imel na biyu, ka kuma fitar da lambobin gaggawa da suke bayarwa domin shiga asusun idan babu wayarka, ka rubuta a takarda ka ajiye tare da takardun makarantarka. Sakamakon ɗalibai kuma amana ce ta wasu, don haka ka kulle shi da kalmar sirri kafin ya bar kwamfutarka.

TAMBAYA: Ni mai ɗaukar hoto da bidiyon biki ne a Kano. Na sa manhajar wani rumbun intanet a kwamfutata, na ga alamar cewa foldar wani biki ta gama hawa, sai na goge ta daga kwamfutar domin in sami wuri. Bayan wata biyu dangin amarya suka nemi ƙarin hotuna, na shiga intanet na tarar babu komai. Ina suka tafi, kuma akwai yadda za a yi?

AMSA: Sannu, ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Wannan ita ce asarar da ta fi kowace yawa a wannan harka, kuma ba na ɗora maka laifi gaba ɗaya, domin yadda ake tallata manhajojin nan ba ya fayyace wa mutane abin da suke yi.

Manhajar da ka sa aikinta daidaitawa ne: tana tabbatar da cewa abin da ke foldar kwamfutarka da abin da ke rumbun intanet iri ɗaya ne a kowane lokaci. Idan ka ƙara fayil a nan, sai ta ƙara a can, idan ka gyara ta gyara, idan kuma ka goge sai ta ɗauka umarni ka ba ta, ta goge a can ma. Haka Dropbox da OneDrive da manhajar Google Drive ta kwamfuta suke aiki. Abin da aka goge yana tafiya kwandon shara na rumbun, kuma a asusun mutum na yau da kullum kwana 30 yake yi a ciki kafin a share shi har abada. Kai kuwa ka yi wata biyu, don haka ba zan ɓoye maka ba, damar ta ragu ƙwarai.

Duk da haka kada ka yanke ƙauna tun yanzu. Ka shiga shafin kamfanin ta burauza, ba ta manhajar ba, ka duba kwandon sharar da idonka, domin wasu tsare-tsaren biya suna riƙe kaya fiye da kwana 30. Ka rubuta wa sashen taimakonsu a yau, ka faɗi sunan foldar da ranar da ka goge ta. Sannan ka koma kan memorin kyamarar da ka yi aikin da shi da kuma faifan kwamfutar, ka daina zuba musu sabon abu nan take, domin fayil ɗin da aka goge yakan zauna a wurinsa har sai an rubuta wani a kansa, kuma manhajoji irin su PhotoRec da Recuva suna iya tono shi. Idan faifan kwamfutar irin na zamani ne da ake kira SSD, abin ya fi wuya, domin shi yana share gurbin da kansa jim kaɗan bayan gogewa. Kada ka manta da waɗanda ka tura wa hotuna a makon bikin, ko da ingancinsu ya ragu, ya fi babu. Dangin amarya kuma ka gaya musu gaskiya da wuri.

Nan gaba, idan wuri kake nema, manhajojin suna da zaɓin da ke cire fayil daga kwamfuta ya bar shi a intanet kaɗai, ka ga sunansa da alamar girgije a gefe. Wannan za ka danna, ba gogewa ba. Amma ka sani da zarar ka yi haka, kwafi ɗaya ya rage maka a duniya, kuma kwafi ɗaya ba ajiya ba ne ga mai sana'a irin taka. Ga wani haɗarin daidaitawa da ya kamata ka sani: idan muguwar manhajar nan mai garkuwa da fayiloli ta shiga kwamfuta, irin WannaCry da ta bazu a ƙasashe kusan 150 a Mayun 2017, ta kulle kayanka tana neman kuɗin fansa, to kullallun fayilolin ne za su hau intanet su maye gurbin masu lafiya. Abin da ke ceton mutum a nan shi ne tsofaffin kwafin da kamfanin ke riƙewa na ɗan lokaci, wanda shi ma galibi kwana 30 ne. Ko kamfanonin da aikinsu ajiya ce zalla suna da irin wannan sharaɗi. A Backblaze, misali, faifan waje da ka yi kwana 30 ba ka jona ba ana iya cire kwafinsa daga rumbun, sai dai idan ka kunna zaɓin tsawaita wa'adin. Mai ɗaukar bidiyo da ke cika faifai ya jefa a durowa ya kamata ya karanta wannan sharaɗi sau biyu.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a Gusau. Kayan da ke kwamfutata sun kai gigabait 200, data kuma ta yi tsada. Wannan ajiya ta intanet ba ta masu hali ba ce kuwa?

AMSA: Ɗana, ƙorafinka yana kan hanya, musamman tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Ga kuma lokaci: idan layinka yana ɗora kaya da saurin megabit 5 a daƙiƙa ba tare da yankewa ba, gigabait 100 zai ci awa 44 da 'yan mintoci, naka kuwa ninki biyu ne. Ranar da za ka sauko da su ma wata datar za ka saya.

Amma ina da yaƙinin cewa mafi yawan gigabait 200 ɗin nan fina-finai ne da karatuttukan malamai da manhajoji da littattafan da ka sauko da su ko ka karɓa a filash, waɗanda idan sun ɓata za ka sake samu a wurin abokai. Abin da ba shi da madadi shi ne wanda kai ka rubuta ko ka ɗauka: furojet ɗinka, bayanan bincikenka, hoton takardun shaidarka, hotunan gida. Rubutu ba shi da nauyi ko kaɗan, kundi mai shafi ɗari ba ya wuce 'yan megabait idan ba a cika shi da hotuna ba. Ka ware waɗannan a folda guda, za ka ga da wuya su cika ma'aunin kyauta, wanda a Google gigabait 15 ne da ake rabawa tsakanin Drive da Gmail da Photos, a OneDrive da iCloud na kamfanin Apple 5, a Dropbox 2. Ka lura cewa tun farkon 2024 kwafin hirarrakin WhatsApp na wayoyin Android yana cin wuri a cikin 15 ɗin nan, kuma bidiyoyin zaurukan WhatsApp su ne kan cinye shi a ɓoye. Ka yi ɗorawar farko da datar dare mai rahusa, bayan haka abin da ya canza kawai zai riƙa hawa. Masu alkawarin ba da wuri mai ɗimbin yawa kyauta kuwa, ka tambayi kanka da me suke biyan kuɗin wuta da faya-fayai kafin ka ba su furojet ɗinka.

Kai da ke Gusau ba sai an gaya maka ba cewa intanet kan ɗauke: a Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara na tsawon makonni saboda matsalar tsaro. A 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu sun lalace a gaɓar Kwaddibuwa, Najeriya da Ghana da maƙwabtansu suka shiga wahalar sabis. Fayil ɗin da ke intanet kaɗai bai ɓata ba a irin waɗannan ranaku, amma ba ya hannunka, kuma malamin da ke jiran babi na uku ba zai jira a gyara wayar teku ba. Ka riƙe kwafi a filash ko faifai koyaushe.

TAMBAYA: Ni matar aure ce a Maraɗi. Ina da hotunana da na 'ya'yana mata na cikin gida, waɗanda ba na so idon wani namiji ya gani. Idan na ajiye su a intanet, wa ke iya ganinsu?

AMSA: Hajiya, tambayarki tana da muhimmanci, kuma ta cancanci amsa ba tare da kwana-kwana ba. Manyan kamfanonin suna kulle fayil a hanyarsa ta zuwa da kuma inda yake ajiye, amma a tsarin da aka saba mabuɗin yana hannunsu. Ma'anar haka ita ce na'urorinsu suna iya bincikar abin da aka ɗora, kuma idan kotu ta ba da umarni suna iya miƙa shi ga hukuma. Ba wai ma'aikata suna zaune suna kallon hotunan mutane ba ne, amma ikon buɗewa yana nan. Akwai wani tsarin da mabuɗin ke hannun mai kaya shi kaɗai, ko kamfanin ba ya iya buɗewa. Proton Drive na ƙasar Suwizalan a haka yake aiki, Apple ya kawo irinsa a matsayin zaɓi a iCloud a Disambar 2022, WhatsApp kuma tun Oktoban 2021 yana ba da damar kulle kwafin hirarraki da kalmar sirri ko mabuɗi mai lamba 64. Sharaɗinsa mai nauyi ne: idan kika manta mabuɗin kuma ba ki tanadi hanyar dawo da shi ba, babu wanda zai iya buɗe miki. Kina kuma iya kulle hotunan da kanki kafin ki ɗora, da manhajar kyauta irin 7-Zip ko Cryptomator.

Sai dai a sanina, asirin mutane ya fi tonuwa ta kusa da su. An taɓa sace bayanan shiga na masu Dropbox kimanin miliyan 68 a 2012, abin da girmansa bai fito fili ba sai a 2016, amma hotunan fitattun matan Amurka da aka yaɗa daga iCloud a 2014 ta hanyar yaudara aka same su, an tura musu saƙon bogi suka ba da kalmar sirrinsu da hannunsu. A wurinmu kuwa ƙofar ta fi wannan sauƙi. Mace ta sayi sabuwar waya, ta miƙa wa yaron shago ya buɗe mata asusu, shi ya zaɓi kalmar sirrin, wani lokaci har lambarsa ya sa a matsayin ta tabbatarwa, wayar kuma tana ɗora duk hoton da aka ɗauka kai tsaye ba tare da ta sani ba. Idan haka aka buɗe naki, ki canza kalmar sirrin yau, ki duba lambar waya da jerin na'urorin da ke shiga asusun ki cire duk wadda ba ki sani ba, ki kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an sa lambar da aka turo wayarki kafin a shiga. Idan za ki kai waya ko kwamfuta gyara, ki fita daga asusun tukuna. Hoton da kika san ba za ki jure fitarsa ba ko kaɗan, ra'ayina shi ne ki ajiye shi a kulle a faifai biyu, ɗaya a ɗakinki ɗaya a gidan mahaifiyarki ko 'yar'uwar da kika amince da ita, ki kashe ɗorawar kai tsaye a wayar.

TAMBAYA: Ina da shagon buga takardu a zangon Kumasi. Shekara uku ina biyan kuɗin ajiya a intanet, ban taɓa buƙatarta ba. Ta yaya zan san tana aiki?

AMSA: Alhaji, hanya ɗaya ce, ka gwada dawo da kaya tun ba ka shiga buƙata ba. Fitar kuɗi daga asusunka shaida ce ta biya kawai. Manhajar tana iya tsayawa watanni saboda an canza kalmar sirri, ko wuri ya cika, ko yaron shago ya rufe ta don tana cin data, ko kuma tana kwafin wata tsohuwar folda alhali aikin ya koma wata. Wannan ba ya tsaya ga ƙananan shaguna: a ƙarshen Janairun 2017 wani injiniyan GitLab, kamfanin da masu rubuta manhajoji ke ajiye aikinsu a wurinsa, ya goge rumbun bayanansu bisa kuskure, da suka juya ga hanyoyin ajiya biyar da suka tanada sai suka tarar babu wadda ke aiki yadda ya kamata, wani kwafi da aka yi awa shida kafin nan ne ya fitar da su, aikin awa shidan kuma ya tafi.

Ka sami wata kwamfuta da ba ta shagon ba, ka shiga asusun daga can ba tare da taimakon wayar da ta riƙe maka kalmar sirri ba, domin ranar asara haka za ka shiga. Ka duba kwanan watan fayil mafi sabunta, ya kamata ya zama na jiya ko na yau. Ka sauko da takarda ɗaya ta wannan makon, da ɗaya ta bara, da wani babban fayil mai hotuna, ka buɗe kowanne ka ga ya buɗu har shafin ƙarshe. Ka kwatanta yawan fayilolin wata folda a kwamfutar shago da yawansu a rumbun. Ka riƙa yin haka duk bayan wata uku, da kuma duk lokacin da aka yi wa kwamfutar gyara ko aka sake mata Windows, domin a lokacin ne manhajar ajiya ta fi ɓacewa ba a lura ba. Idan kuma shagon na iyali ne, ka rubuta sunan kamfanin da imel ɗin asusun da inda lambobin gaggawa suke, ka sanar da babban ɗanka ko wanda ke riƙe maka shago; idan asusun na Google ne, akwai wurin da za ka sa sunan wanda za a ba damar sauke kayan idan asusun ya yi watannin da ka ƙayyade ba a shiga ba.